Akwatunan da Tsohuwa Ta Ɓoye a Bakin Tafki

A shekarun da iyalina ke Damagaram ni kuma ina can ƙasar Turawa a garin Greensboro, babu makon da nake tsoro kamar makon ƙarshe na Disamba. Masana'antar katifa da nake wa aiki takan rufe tun ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti, wato Nowel kamar yadda muke cewa a gida, sai an shiga sabuwar shekara a buɗe. Abokan aiki su yi ta murna, kowa na faɗin garin da za shi. Ni kuwa in ɗauki kwanon abincina in fito ina tunanin yadda zan yi da waɗannan kwanaki.

Da can abin da sauƙi, don muna zaune tare da wani abokina ɗan zangon Kumasi. Mutum ne mai surutu, ko shayi yake dafawa sai ya yi wa buta magana. Amma a wannan shekarar matarsa ta iso, suka kama gida a McLeansville, ya kwashe kayansa har da babbar tukunyar da muke dafa wake. Ya bar mini kujera da labule. Sai bayan tafiyarsa na san firijinmu yana da ƙara.

Ranar farko ta hutun na yi wanki, na yi shara, na yi barci har kaina ya yi ciwo. Washegari bayan azahar na ga idan na ci gaba da zama zan fara magana da bango, sai na sa rigar sanyi na tada tsohuwar motata na nufi wani wurin shaƙatawa da ke bakin tafki a arewacin gari. Na taɓa zuwa sau ɗaya da zafi, lokacin ya cika da yara da masu gashin nama. Yanzu itatuwa sun kaɗe, ruwan ya yi launin toka, agwagin ruwa sun taru a gefe guda kamar masu jiran mota.

Na bi siririyar hanyar da ta zagaye tafkin. Can bayan wata ƙaramar gadar katako na hango mutum durƙushe a gindin itace, nesa kaɗan da hanya. Tsohuwa ce Baturiya, gajera, da jar hular saƙa. Ta kama saiwa tana ƙoƙarin tashi, ta kasa. Na tsaya ina shawara da raina, don a ƙasar nan ba a kama mutum haka kawai. Ita ce ta raba gardama. Ta ɗago kai ta ce da Turancinta mai ja irin na mutanen nan, "Yaro, tsayawa za ka yi kana kallona, ko za ka ba ni hannu?"

Na wuce shekara arba'in a lokacin, an daɗe ba a ce mini yaro ba. Na miƙa mata damtsena ta dafa ta miƙe.

"Mama, wani abu ne ya faɗi?" na tambaye ta.

"Ba abin da ya faɗi. Ajiya na zo dubawa, gwiwoyina suka ci amanata."

Ta nuna mini da ƙafa. Tsakanin saiwoyi biyu, ƙarƙashin ɓawon itace da busassun ganye, akwai ɗan akwatin roba irin wanda ake zuba ragowar abinci. Ta ce in ɗauko. A ciki na ga ƙaramin littafi da wani hatimi na roba mai laushi da aka sassaƙa da hannu, hoton ƙararrawa.

Ta bayyana mini a tsaye, tana kakkaɓe wandonta. Wasa ne. Duk Disamba takan sassaƙa hatimai masu hotunan bikinsu, ta ɓoye kowanne cikin akwatinsa a zagayen tafkin, ta rubuta alamun da za su kai mutum wurin. Mai nema yakan zo da littafinsa da hatiminsa na kansa. Idan ya gano akwati, sai ya buga hatimin akwatin a littafinsa, ya buga nasa a littafin akwatin, ya mayar da komai yadda ya tarar. Bayan sabuwar shekara ta zo ta kwashe.

"To idan mutum ya gano su duka, me ake ba shi?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ba a ba shi komai. Ya dai gano su."

Ta zaro takardar alamun a naɗe daga aljihu ta ba ni. Ta ce doka ɗaya ce: kada in bari kowa ya gan ni ina ɗauka ko ina mayarwa, don wanda bai san wasan ba yakan ɗauke akwatin ko ya jefa a shara. Ta ce in sassaƙa hatimi da gom ɗin goge rubutu, ba sai ya yi kyau ba. Daga nan ta kama hanyarta tana ɗingishi, ba ta ko tambayi sunana ba.

Da a ce ina da wurin zuwa, da takardar nan a cikin mota za ta tsufa. Amma a hanya na biya kanti na sayi gom manya-manya da ɗan littafi da kwalin tawada irin na ofis. Da yamma na zauna a ƙasa da reza. Raƙumi na fara gwadawa, ya fito kamar tebur mai wuya. Na gwada dabino, ganyen suka gutsure, na yanke yatsa. Daga ƙarshe na tuna rumbunan ƙasa na ƙauyen kakana, masu ciki kamar tulu da hular ciyawa a kai. Wannan ba wuya: da'ira da ɗan tsini, da duwatsu a ƙasa. Na buga a bayan ambulan. Ya karkace, amma rumbu ne. Na daɗe ina kallonsa. Har na juya zan ce, "Masa, zo ka gani," kamar yadda nake kiran abokina, kafin na tuna ba kowa.

Alamun tsohuwar ba su da sauƙi ga mai Turanci irin nawa, wanda a bakin inji na koye shi. Takan ce a bi hanya har inda tagwaye suka rungumi juna, sai na sha yawo kafin na gane itatuwa biyu ne da suka fito daga gindi ɗaya. Takan ce a tsaya inda masunta ke hutawa a juya wa ruwa baya. Wani wuri ta ambaci sunan wani itace da ban sani ba, sai da na duba a salula na ga ashe shi ne mai ganye da ƙaya da jajayen 'ya'ya, wanda suke maƙalawa a ƙofofinsu a wannan lokaci. Da na sa hannu a ƙarƙashinsa na taɓa sanyin roba, murna ta kama ni kamar yaron da ya tarar da ƙwan zabuwa a daji. Hoton barewa ne mai ƙaho da rassa.

Na zauna a kan kututture na buɗe littafin akwatin. Mutane sun riga ni. Wani hatiminsa kifi, wani keke, wani tafin kare. Akwai iyali guda da suka jera nasu daga babba zuwa ƙarami, ƙaramin ma ɗan yatsa kawai aka dangwala masa a tawada. Na sami gefe na buga rumbuna.

Abin da na lura a kwanakin nan shi ne wasan yana sa mutum gudun mutane. Idan na ji taku sai in ɓoye akwatin a cikin riga, in yi kamar ina ɗaure takalmi ko ina kallon tsuntsu, har su wuce. Wata rana na ga mata da miji da 'ya'yansu riƙe da takarda irin tawa. Na san abin da suke nema, har na san inda yake. Na so in ɗaga tawa takardar in nuna musu, amma suka yi kamar hoto suke ɗauka, suna jiran in wuce. Ni ma na wuce. Duk muna bin doka.

Na ba matata labari a waya. A can dare ya fara, ina jin ƙarar kwanuka da muryar ƙaramar 'yarmu tana rigima a kan wani abu.

"To me ke cikin akwatin, Malam?"

"Hatimi. Hoto ne kawai."

"Na ci ne, ko na sawa?"

"A'a, bugawa ake yi a littafi."

Ta yi dariya har ta kira babbar 'yarmu ta ce zo ki ji babanku ya koma lakkal, ya zama ɗan makaranta. Ni ma na yi dariya. Sai muryarta ta sauka.

"Malam, duk garin nan ba ka da wanda za ka je wurinsa?"

Na ce akwai mutane, kowa dai da hidimarsa. Ta ce Allah ya kawo takardun nan da za su ba su izinin zuwa wurina. Na ce amin. Muka koma maganar rufin ɗaki da ke yoyo.

Ranar Kirsimeti kanta gari ya mutu. Kantuna a rufe, tituna fayau, sai fitilu masu launi a jikin gidaje da motoci jere a ƙofar wasu. A wurin ajiye motoci na tafkin, tawa ce kaɗai sai wata babbar akori-kura. Alamar ranar ta kai ni ƙarƙashin gadar katako, inda aka cusa akwati a bayan wani ginshiƙi. Na gama bugawa, na durƙusa ina mayarwa, sai na ji haushin kare a kaina.

"Kai! Me kake sawa a ƙarƙashin gadar nan?"

Wani ƙaton mutum ne a saman gada, da gemu ja, yana riƙe da igiyar kare da hannu ɗaya, ɗaya hannun da waya. Na miƙe a hankali. Na san yadda nake a idonsa: baƙin mutum da hular sanyi da gemu, shi kaɗai, ranar biki, yana cusa wani abu a ƙarƙashin gada. Duk Turancin da na sani ya gudu. Na ce wasa ne. Ya ce wane irin wasa. Ya ce kada in matso, in buɗe ya gani daga nan.

Na jawo akwatin. Murfin ya ƙi, da ya buɗe kuma sai komai ya zube. Hatimin ya faɗa cikin laka. Na tsugunna na ɗauko na ɗaga masa, tare da takardar alamu. Hoton mutum-mutumin ƙanƙara ne mai hula da dogon hanci.

Ya leƙo ya duba. Ya sauke wayar. Ya ce, "Oho." Ya ɗan tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya ce mutum ba ya sanin abin da ke faruwa a zamanin nan. Ya ja karensa ya yi mini barka da biki ya tafi.

Na wanke hatimin a ruwan tafki har yatsuna suka daina ji. Na goge shi da gefen rigata, na goge littafin, na mayar. A mota na daɗe ban tada inji ba. Ba tsoro ne ya fi damuna ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba ni da wanda zan shiga gida in ce wa, ka ji abin da ya same ni yau. Matata ba zan gaya mata ba, don ba za ta yi barci ba.

Na daina zuwa tafkin. Ranar Juma'a bayan an sallame, abokina ya kama hannuna a ƙofar masallaci ya ce yau sai McLeansville. Gidan nasu na can tsakiyar fili, ba maƙwabci kusa. Matarsa ta dafa wake da shinkafa irin nasu, wanda suke sa wa karan dafi ya yi ja, da yaji baƙi mai kifi. Akwai baƙi, 'yan uwanta daga wani gari, yara na guje-guje, ana yi musu Hausa suna amsawa da Turanci. Muna ci na ba shi labarin gada.

"Ei, Masa!" Ya ajiye cokali. "Kai da girmanka kana shiga daji kana neman roba? Idan da ya kira 'yan sanda fa? Kai da kake jiran takardun iyali?"

"Ai ba laifi na yi ba."

"Wa ya ce ka yi laifi? Ni dai na ce ka bari. Idan kaɗaici ne, ga gida, ka zo kullum."

Matarsa ta ce, "Gaskiya ne, Malam, gidanka ne." Ta ƙara mini nama.

Da zuciya ɗaya suka faɗa, na sani. Amma da hira ta koma Twi, yaren mutanen Kumasi, aka shiga labarin mutanen da ban sani ba ana ta dariya, sai na zauna da kofin shayi ina murmushi ba tare da na san abin da ake wa dariya ba. Na yi sallama kafin magariba. Suka cika mini roba da abinci.

Ana gobe za a koma aiki na tashi na ga takardar alamun a kan kujera. Akwati ɗaya ya rage, na can ƙarshen tafki inda hanya ta ƙare a cikin ciyayi. Ana yayyafi mai sanyi. Na ce wa kaina ba wanda zai fito a irin wannan rana, ko mai kare.

Na isa wurin takalmina ya jiƙe sharkaf. Alamar ta ce a nemi itacen da ya gaji ya kwanta. Na same shi, na zagaya wajen saiwarsa, na sa hannu a kogon. Ba komai. Na tona ganye, na duba ɗaya gefen, na sake karanta takardar. Ba komai. Raina ya ɓaci fiye da yadda abin ya cancanta.

"Ka makara kaɗan," in ji wata murya.

Tsohuwar ce zaune a kan benci ƙarƙashin wata rumfa, da lema da babbar jaka a gefenta. Ta fara kwashe akwatunan, kuma daga ƙarshe ta faro. Ta zaro na wurin ta miƙo mini. Tauraro ne. Na zauna a ɗaya ƙarshen bencin na buga nata a nawa. Da na fito da gom ɗina na danna a littafinta, ta matso da fuska.

"Ashe kai ne mai naman kaza, irin mai tsirowa kamar 'yar lema bayan ruwan sama! Na yi ta tunanin ko wane ne."

"Ba naman kaza ba ne, Mama. Rumbu ne."

Na yi mata bayani iya Turancina: ɗaki ne na ƙasa da ake zuba hatsi bayan girbi, a ɗora shi a kan duwatsu saboda gara da ɓera, a rufe da ciyawa. Ta tambaya ta ina ake shiga. Na ce ta sama, a ɗage hular, a zura yaro a ciki ya miƙo damin gero. Na ce ni aka fi zurawa don ni ne siriri, kuma cikin akwai duhu da ɗumi da ƙaiƙayi. Ta yi dariya sosai. Ta ce kakanta ma yana da rumbun masara na katako a gonarsu wajen Pleasant Garden, yanzu duk gidaje ne a wurin.

Ta ce tunda na san inda sauran suke, in taimaki gwiwoyinta. Muka bi hanya tare, ita da lema ni da jaka. Ta tsaya a kan hanya, ni in shiga in ɗauko. Wannan karon ba ɓoyo, ba yin kamar ana ɗaure takalmi. Ɗaya akwatin kurege ya ciccije murfinsa, ruwa ya shiga, ta yi tsaki ta zagi kuregen kamar ta san shi.

Da muka zo gada na gaya mata abin da ya faru. Ban yi niyya ba, maganar ce ta fito. Ta tsaya ta dafa katakon, ruwa na ɗiga daga lemarta.

"Shekara da shekaru ina rarrafe a ƙarƙashin gadar nan," ta ce, "ba wanda ya taɓa tambayata abin da nake yi." Ta juyo ta dube ni. "Ban yi tunanin wannan ba da na ba ka takardar. Ka yi haƙuri."

Na ce ba komai, ya wuce. Ta ce a'a, da komai. Ba mu ƙara magana a kai ba. Na sauka na ɗauko akwatin.

A wurin motoci na sa mata jakar a baya. Ta tambaye ni ko ina da iyali, na ce mata da 'ya'ya mata biyu, suna gida, ana jira. Ta gyaɗa kai, ba ta ce za su zo ba da daɗewa ba kamar yadda kowa ke cewa. Ta ce ita ɗanta yana can yamma mai nisa, yakan kira. Ta shiga mota, ta sauke gilashi ta ce in canza safa da na isa gida. Na ce to, Mama.

Ban sake ganinta ba. Shekarar da ta biyo baya na koma wani aiki da ba a rufewa da biki, kuma ban san inda ake samun takardar ba in ba a hannunta ba.

Bayan motarta ta fita na duba sama na ga la'asar na neman wucewa. Na ɗauko kwali daga bayan mota na shimfiɗa a ƙarƙashin rumfar da ake cin abinci da zafi, tsakanin teburan da aka jingine. Na yi salla da jiƙaƙƙen takalmi a gefe, yayyafi na buga kwanon rufi. Da na idar na zauna kaɗan. Wani ma'aikacin wurin ya zo da mota zai rufe ƙofa, ya gan ni, ya ɗaga mini hannu ya nuna agogo. Na naɗe kwalina na tafi gida in goge kayan aiki.